Hajiya Balaraba Ramat: Marubuciyar Da Ta Haɗa Alƙalami Da Share Hawaye, Da Abin Da Ya Rage Mana A Briqueterie

A kowane lungu na Briqueterie akwai matar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare. Ita ake tasa idan naƙuda ta zo da gardama, ita ke tare bensikin ta rungumi yaro mai zazzaɓi zuwa asibiti, ita ke zaga gidaje tana haɗa jaka ɗaya, jaka biyu, idan kuɗin magani ya gagari mai gida. In miji ya kori mata da goyo a baya, ɗakinta ake fara sauka kafin a san inda za a dosa. Ba ta da ofis, ba ta da albashi, sau da yawa ma ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Wasu su ce mata Inna, wasu Gwaggo, wasu Hajiya ko da ba ta taɓa ganin Makka ba. Duk wanda ya tashi tsakanin babban masallaci da bakin kasuwar Mokolo zai iya lissafa irinsu uku ko huɗu ba tare da dogon tunani ba.

Abin da ke damuna game da waɗannan iyaye namu shi ne, tarihin unguwar nan kaf a cikinsu yake. Sun san yarinyar da aka aurar tana kuka, sun san gidan da aka cinye gadon marayu, sun san dalilin da ya sa wance ta haukace bayan haihuwarta ta uku. Ranar da ajali ya zo, a wanke su a kai su makwanci, da su da abin da suka sani. Sai 'yar da ta biyo baya ta faɗa ramin da aka taɓa ciro uwarta daga ciki, kamar ba a taɓa sanin da ramin ba.

Shi ya sa yau nake so mu leƙa Kano, mu duba rayuwar wata mata da ta yi irin wannan aiki, amma ita ta ƙara da abu guda: ta rubuta.

An haifi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1975 har aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976. In mutum ya ji haka zai ɗauka a kan katifa ta tashi, da makaranta har sai ta ce ta gaji. Ina! Tana da shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka ɗaura mata aure da mutumin da ya haife ta ya huta. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu, ta dawo gida ba karatu, ba sana'a, ga tambarin bazawara tun ba ta gama sanin kanta ba. Kamar yadda ta sha ba da labari a hirarraki, da sunan koyon ɗinki da saƙa ta riƙa fita, alhali ajin yaƙi da jahilci take zuwa, mahaifiyarta na rufa mata asiri. A wannan zamani ne Kano ta ba karatun manya muhimmanci, domin a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukuma guda ta ilimin manya, kuma matan aure da zawarawa da dama ta wannan ƙofa suka fara riƙe alƙalami.

Da Hausa ta koyi karatu, don haka da Hausa ta yi rubutu. Ita da bakinta ta ce cire ta daga makaranta da wuri ne ya sa ba ta rubutu da Ingilishi. A ganina wannan rashi ne ya zame mata riba, domin da da Ingilishi ta rubuta, da malaman jami'a ne za su karanta su yi sharhi. Da ta rubuta da Hausa, sai littafin ya shiga ɗakin uwargida, ya shiga ɗakin amarya, ya kwana ƙarƙashin matashin 'yar sakandare, har mai gidan da ake magana a kansa ya ɗauka ya duba a ɓoye.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, a kan namiji mai auri-saki wanda idonsa ba ya ƙoshi. A 1990 ta fitar da biyu da har yau su ake fara ambata in an kira sunanta, wato Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Daga baya wasu suka biyo, irin su Ina Sonsa Haka da Matar Uba Jaraba. Ita kaɗai ce mace a ƙungiyar marubuta ta Raina Kama lokacin da ta shiga, ƙungiyar su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, waɗanda suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa kasuwa da kansu. Wasu malaman jami'a suka laƙaba wa irin wannan rubutu sunan adabin kasuwar Kano, da nufin ragewa. To, kasuwar ce dai ta kawo mana su har Yaounde.

Wanda bai karanta Wa Zai Auri Jahila? ba, ga taƙaitaccen abin da ke ciki. Abu yarinya ce 'yar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi musu alkawari ya je birni ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Don huce haushi da kare mutunci, uban ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai mata da 'ya'yan da suka girme ta. Abin da ya faru da ita a wannan gida, marubuciyar ba ta lulluɓe shi da zani ba. Abu ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta shiga karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba sai an gaya maka ba, ka san wadda ta rubuta wannan ta san ɗacin abin a harshenta. Amma abin lura, Abu ba ta juya wa addini baya ba don ta sami 'yanci. Da hujjar addinin ta tsaya gaban iyayenta. Kuma hujjar na nan: Khansa'u bint Khidam ta kai ƙarar mahaifinta wurin Manzon Allah (SAW) kan ya aurar da ita ba da sonta ba, aka warware auren, kuma Bukhari ya ruwaito wannan. Malamanmu sun san hadisin sarai, sai dai ba kasafai ake jin sa a wa'azin ɗaurin aure ba.

Alhaki Kwikwiyo Ne kuwa, shi ne wanda ya fi taɓa matan unguwarmu, don labarin ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, kuma in ana maganar yadi da ɗinki ai Briqueterie gida ce. Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, tana cin wuya tana rufa masa asiri da ɗan cefanen da ba ya isa. Ya auro Delu, ba a daɗe ba ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta yi musu karatu, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Shi kuma gobara ta cinye masa shago, amaryar ta ci amanarsa, duniya ta juya masa baya. Daga ƙarshe dangi da surukai suka taru a kan Rabi sai ta koma.

Littattafan nan sun riƙa zuwa mana ne a cikin dilar atamfa da shadda, wurin masu sari daga Kantin Kwari, a cusa biyu ko uku a gefe. Matsalar ita ce masu iya karanta Hausar boko a cikinmu ba su da yawa. Wadda ta yi lakwal Faransanci ta iya, wadda ta yi allo ajami ta sani. Ni wani kawuna da ya yi zaman Kano ne ya koya min bambancin ka da ƙa, da da ɗa, don haka tun ina budurwa aikin karantawa ya faɗo kaina. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da fitila a tsakiya, mata kusan goma sun kewaye ni, wata na tsifar kai, wata na ƙulla gyaɗar da za a kai talla da safe.

Daren da muka kai inda aka matsa wa Rabi ta koma, ba a yi barci da wuri ba. Wasu suka ce ai haka ya dace, saboda 'ya'ya. Wasu suka ce wallahi an cuce ta sau biyu, korar cuta, komen ma cuta. Wata gwaggona, wadda ita ce mai sasanta ma'aurata a lungunmu, ta yi shiru har aka gaji, sannan ta ce min: "Ke 'yar nan, ajiye littafin. Wannan mata ba ƙarya ta rubuta ba, don ni da hannuna na mayar da Rabi ta fi biyar, kuma ba duka ne na yi barci mai daɗi bayan na mayar ba."

Abin da Gwaggo ta yi da littafin daga baya shi ne ya buɗe min ido kan amfanin ƙagaggen labari. Mai sasanta mutane tana da dabaibayi guda, wato sirri. Ba za ta iya ce wa wane, "Ka tuna abin da ya sami wane da ya kori matarsa" ba, domin wanen na da 'ya'ya da jikoki a unguwa, kuma gobe a sahu ɗaya za su yi salla. Duk misalin da ya fi ƙarfi a hannunta, shi ne wanda ba ta da ikon faɗa. Sai ga Alhaji Abdu, mutumin da kowa ya sani amma ba ɗan'uwan kowa ba ne. Daga nan in magidanci ya fara ɗaga hanci don ya ga sabon jini, sai ta kira shi gefe ta ce, "Ɗana, kar ka zame mana Alhaji Abdu." Matarsa ta gane, shi ma in bai gane ba zai tambaya a ba shi labari. An yi masa faɗa, ba a tona asirin kowa ba.

A nan nake ganin ayyukan nan uku, taimakon jama'a da fafutuka da rubutu, suke haɗuwa a rayuwar Hajiya Balaraba. Wadda ke sauraren kukan mutane tana tara abin da ya fi ƙarfin ƙirjinta, kuma amana ta hana ta faɗa. Mai fafutuka kuma tana buƙatar hujjar da za ta girgiza mutane, alhali hujjar na ɗaure a cikin amanar. Ƙagaggen labari ne ke kwance wannan ƙulli, a canza suna, a canza gari, a haɗa matan gida uku su zama mace ɗaya, gaskiyar ta fito ba tare da an nuna gidan kowa da yatsa ba.

Ba a bar ta ta sha ruwan sanyi ba, ba shakka. Tun daga littafin farko ta sha zagi da barazana, ana cewa tana zuga mata su bijire wa mazajensu. Kuma ba ita kaɗai ba, duk marubutan wannan layi sun ɗanɗana. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a, a bisa zargin suna ɓata tarbiyya, sannan hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta matsa wa marubuta lamba a shekarun da suka biyo. Gaskiya a faɗe ta, akwai tarkace a cikin littattafan kasuwa, na karanta wasu da ban so 'yata ta gani ba. Amma wuta ba ta karatu, ba ta bambance mai gyara da mai ɓatawa.

Ita dai ba ta tsaya ba. An mayar da Alhaki Kwikwiyo fim a 1998, ita ma ta shiga shirya fina-finai, har ta kai ga Juyin Sarauta, fim ɗin tarihi da ya ci kyaututtuka. Ta jagoranci ƙungiyar marubuta mata ta Kallabi, inda manya ke jan ƙanana a jiki. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, har masu karatu a can suka ga Rabi ta yi kama da matan garinsu. Sannan ta yi aiki da Gidauniyar Murtala Muhammed a ɓangaren kwantar da hankalin mutanen da suka shiga firgici da tashin hankali. Ka tuna wane gari ake magana: Kanon da ta ga hare-haren 20 ga Janairu, 2012, ta kuma ga na babban masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba, 2014. Matar da ta shafe shekaru tana zama da baƙin cikin mutanen da ta ƙaga a takarda, ga ta zaune gaban masu baƙin ciki na zahiri tana saurare.

Ba ita ta fara ba kuma. Hajiya Hafsat Abdulwaheed, mai So Aljannar Duniya da ya fito a 1980, ta haɗa rubutu da fafutukar haƙƙin mata, har ta nemi takarar gwamna a Zamfara. In aka ja baya sosai kuwa sai a tarar da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tana tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, tana naɗa jajis su ɗauki karatun su kai wa matan ƙauye ta hanyar 'Yan Taru. Duk wanda ya ce mace mai rubutu da wayar da kan mata baƙuwar al'ada ce da Turawa suka kawo, bai san tarihin gidansu ba.

To, mu dawo gida Kamaru, domin mu ma muna da tamu, kuma labarinta ne ya sa batun nan yake min nauyi.

Djaïli Amadou Amal Bafulatanar Marwa ce, an haife ta a 1975. An yi mata auren dole tana da shekara 17, ta fita, ta sake wani auren ta sha duka, ta gudo Yaounde. Ta sayar da gwala-gwalanta ta sayi kwamfuta da tebur da kujera ta zauna rubutu. A 2010 kamfanin Ifrikiya na nan Yaounde ya buga mata Walaande, kalmar Fulatanci da ke nufin kwanan girki a gidan mai mata da yawa. A 2012 ta kafa ƙungiyar Femmes du Sahel don karatun 'ya'ya mata da taimakon matan arewa. A 2017 ta fitar da Munyal, wato haƙuri, labarin mata uku, Ramla da Hindu da Safira, waɗanda duk inda suka juya kalmar da ake jefa musu ke nan. Littafin ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise ranar 2 ga Disamba, 2020. A 2021 UNICEF ta naɗa ta jakadiya. A 2022 kuma ta fitar da Cœur du Sahel, a kan 'yan aikin gida da ke saukowa daga duwatsu su yi bauta a gidajen masu hali na Marwa, batun da mu ma nan ba mu da bakin musantawa.

Hanyarta da ta Hajiya Balaraba kamar an tsaga kara: auren ƙuruciya, fita, alƙalami, sannan komawa a ciro waɗanda ke baya. Bambancin harshe ne, kuma a wurinmu bambancin ba ƙarami ba ne.

Lokacin da aka sanar da kyautar 2020 na yi murna har na kira 'yan'uwa a waya. Kwana biyu bayan nan wata abokiyar hulɗata 'yar kudu, mace mai kirki wadda ba ta nufe ni da sharri ba, ta dube ni ta ce da Faransanci, ashe haka kuke yi wa matanku? Kalmar "kuke" ɗin nan ta tsaya min a maƙogwaro. A Kano in marubuciya ta soki Alhaji Abdu, Bahaushe ne ke magana da Bahaushe a garin da galibin mutanensa Musulmi ne, ba wanda zai ce duk Musulmi haka suke. Mu nan tsiraru ne. Unguwar da aka fi saninta da tsire da kilishi da teloli, wadda ake tunawa da ita in ana son soya da daddare, a kuma tuna da ita in ana neman wanda za a zarga. Waɗanda suka ga 2015 ba su manta ba, bayan hare-haren Fotokol da Marwa a watan Yuli, yadda mai dogon hijabi ko mai gemu ya riƙa shan kallo a cikin taksi. Mutumin da ke rayuwa a ƙarƙashin irin wannan ido, in ka ce masa ya baje ƙazantar gidansa a harshen da maƙwabta ke ji, dole ya ja baya.

Na fahimci wannan tsoro, ina jin sa a jikina. Shi ne ke sa dattawanmu cewa a bar maganar a cikin gida, kar a kai komisariya, kar a kai wurin ma'aikatan jin daɗin jama'a, kar arna su ji, in ji wasu, kalmar da ni ba na so. Amma na zauna na lissafa wa ke biyan kuɗin wannan rufin asiri. Ba Alhaji ba ne, ba limami ba ne, ba mai unguwa ba ne. Yarinya ce 'yar shekara 14 da aka cire daga aji, da bazawarar da aka hana ta ganin 'ya'yanta. Mutuncin al'umma ake karewa, amma daga fatar mutum ɗaya ake yanka igiyar ɗaure shi, kuma kullum mai ƙaramin ƙarfi ce.

Kuma cin zarafin mata ba gadonmu ba ne mu kaɗai. Ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata a nan Yaounde aka kafa ta a 1991, kafin Aissa Doumara da abokan aikinta su buɗe reshen Marwa a 1996, aikin da ya sa ta zama ta farko da ta karɓi kyautar Simone Veil a Faransa ranar 8 ga Maris, 2019. Ƙididdigar ƙasa ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na matan Kamaru masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Dokar ma kanta baki biyu take yi: dokar rajistar jama'a ta 1981 ta bar ƙofar aurar da yarinya daga shekara 15, yayin da kundin hukunta laifuka na 2016, a sashe na 356, ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tilasta wa wani aure, ya kuma haɗa da mai aurar da wanda bai kai 18 ba. Mata nawa ne a lungunanmu suka san da wannan sashe? Yawancin aurenmu ma a masallaci ko a zaure yake tsayawa, ba ya kai wa meri, don haka ranar da aka yi saki ko rasuwa, matar ba ta da takarda ko guda da za ta nuna.

Abin da na ɗauka daga Hajiya Balaraba shi ne akwai hanya tsakanin yin shiru da yin shela a kasuwa. Rubutu da Hausa magana ce a tsakar gida. Wanda ya ji, namu ne. Ba na cewa Amal ta yi kuskure da ta rubuta da Faransanci, ai da ba ta yi ba, da ministoci da alƙalai da 'yan lise na Duwala da Bafusam ba su san da Hindu ba, kuma su ke riƙe da doka da kasafin kuɗi. Amma Gwaggo ba za ta taɓa karanta Munyal ba, kuma mijin da ya kamata ya ji kunya ba zai buɗe shi ba. Su sai an zo musu ta harshen da suke yin faɗa da shi, suke yin addu'a da shi.

Labaran kuwa ga su nan jibge, ba sai an aro daga Kano ba. Rusau ɗin da aka yi a zamanin Tsimi Evouna, da iyalan da suka wayi gari kayansu a bakin titi. Yaron da ya kai ajin jarrabawa aka ce ba shi da takardar haihuwa, karatun ya tsaya nan. 'Yar talla da ke ratsa Mokolo da faranti a ka har bayan magariba, da abin da take gamuwa da shi wanda ba ta iya faɗa wa uwarta. Matar da mijinta ya tafi Kyé-Ossi ko Libreville neman kuɗi, shekara shida ba aike ba saki. Uwar adashin da ta riƙe amanar mata arba'in ba tare da ta iya rubuta sunanta ba. Kakanninmu da suka zo fatauci tun zamanin Jamus suka kafa zango a garin nan, har yau jikokinsu na amsa tambayar daga ina kuka zo. Wanne ne a ciki bai isa littafi ba?

Kuma yanzu ba sai da kuɗin ɗab'i ba. Marubutan Najeriya da Nijar da dama a waya suke rubutu, su saki labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook, wasu ma har su sayar. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla, kuma labarin da ya fito daga Yaounde zai zo da abin da alƙalan gasar ba su saba gani ba.

Cikas ɗin da ya rage shi ne rubutun kansa. 'Ya'yanmu na jin Hausa kamar jakin Kano, amma in za su rubuta da ƙa'idar Faransanci suke yi. Su sa "ou" a wurin u, "ch" a wurin sh, "tch" a wurin c, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa ba a maganarta. Wannan ba abin dariya ba ne, abin da aka koya musu ke nan, kuma gyaransa bai kai wahalar da ake zato ba. Wanda ya riga ya iya karatu, zama kaɗan ya ishe shi ya kama ƙa'idar Hausa, haruffan kuma suna nan a allon rubutun waya in an saita shi. Makarantun islamiyya da ke cike da 'yan mata da matan aure ranar Asabar da Lahadi za su iya ware rabin awa don wannan, ba tare da an taɓa lokacin hadda ba.

Watan jiya wata 'yar ƙanwata mai shekara 16 ta turo min wani dogon saƙo a waya, ta ce, "Inna, duba min wannan, amma kar ki yi min dariya." Labari ne na wata yarinya da aka kawo daga arewa aikin gida, tana kwana a kicin, mai gidan kuma ya fara shigowa shan ruwa da tsakar dare. Da "tchikin guida" ta fara, haka ta rubuta shi har ƙarshe, sai da na karanta da ƙarfi sannan na riƙa gane wasu kalmomin. Tun a shafi na biyu na san gidan da take nufi, kuma na san ba ƙagawa ta yi ba. Abu biyu muka yi. Na je wurin wadda ta gaji Gwaggo a aikin sasanci, aka san dabarar da aka yi aka mayar da yarinyar hannun danginta. Labarin kuma muna nan muna juya shi zuwa daidaitacciyar Hausa, shafi ɗaya duk Lahadi. Sharaɗi ɗaya ta kafa min: kada mahaifinta ya gani sai ta canza wa mutumin sana'a da unguwa.